Malamin Gona da Ɗan Kumatu

Malam Sama'ila Mahdi ya yi shekara talatin da uku yana aikin malamin gona, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shuka ko barkono ɗaya da hannunsa ba. Wannan bai taɓa damun sa ba. Aikinsa shi ne ya hau babur ɗin gwamnati, ya zaga ƙauyukan ƙasar Daura daga Sandamu har Baure, ya tara mutanen da suka buɗi ido da fartanya a hannu, ya sanar da su yadda ake noma. Su kuma su ce an gode, su ɗaura masa zabuwa a bayan babur, ya dawo gari ya rubuta rahoton cewa an wayar da kai.

Akwai wata dabara da ya yi suna da ita a lokacin da yake tashe. Yakan tsaya gaban taro da tumatir biyu. Ɗaya na sabon iri ne, wanda ake sayar da 'ya'yan shukarsa a gwangwani. Ɗayan kuma na gargajiya, wanda mutanen yankin ke kira ɗan kumatu, saboda yadda jikinsa ke kumburowa tsaga-tsaga kamar fuskar jaririn da ya ƙoshi. Sai ya ɗaga su daidai kafaɗa ya saki. Na gwangwani ya yi tsalle kamar ƙwallo ya gangara. Ɗan kumatu kuwa, da yake fatarsa ba ta da kauri, ya fashe ya yi kaca-kaca da ƙasa.

"To, jama'a," in ji Malam Sama'ila, "wanne ne a ciki zai kai Legas?"

Ba wanda ya taɓa tambayar sa wanne ne zai yi daɗi a miya. Cikin shekara goma ɗan kumatu ya ɓace daga kasuwanni, aka ba Malam takardar yabo, ya sa mata gilashi ya rataye a falo. Da ya yi ritaya ya koma majalisar ƙofar gida, inda yake bayyana wa 'yan fansho irinsa abin da ya lalata noma a ƙasar nan, wato rashin jin maganar masana.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna Maiturare, ta zame a bakin rijiya a Sandamu, ƙafarta ta gurɗe. Ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a Daura. Ƙafa ta warke, amma tsohuwa ta daina cin abinci. Matarsa Lami ta yi iya yinta. Ta ƙara daddawa, ta zuba man shanu, ta dafa kan rago, ta sauya tuwo daga na masara zuwa na gero. Inna takan dangwali miyar da yatsa ɗaya, ta ɗanɗana, ta ture kwanon.

"Lami, wannan miya ce, ko jan zane kika wanke kika kawo min ruwan?"

Aka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce jikinta ya fi na ɗanta lafiya. Da suka dawo gida Malam Sama'ila ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah ki faɗi abin da kike so. Ko mene ne za a nemo."

"Ɗan kumatu nake so."

Lami tana bakin ƙofa, ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta na rawa.

"Inna," in ji Malam, ya gyara murya irin ta taro, "ai tumatir duk tumatir ne. A kimiyyance, abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan."

"To kai ka ci kimiyyar, Sama'ila. Ni a dama min kunu."

Washegari ya sa hula ya nufi kasuwa, wurin Ya'u mai kayan miya, wanda suka yi firamare tare. Ya gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ciniki, ya yi maganar ruwan bana, ya ɗauki albasa ya ajiye. Sannan ya rage murya kamar mai neman abin da hukuma ta hana.

"Ya'u, ana samun ɗan kumatu kuwa?"

Ya'u ya ajiye ledar da ke hannunsa. Ya dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Malam, ni kake tambaya? Ai kai za mu tambaya inda ka binne shi." Ya juya ga maƙwabcin rumfarsa. "Kai, zo ka ji! Malamin gona na neman ɗan kumatu!"

Kafin Malam ya bar layin 'yan kayan miya, mutum huɗu sun yi masa jaje, ɗaya ya tambaye shi ko Legas zai kai. Amma Ya'u ya biyo shi har bakin titi ya ce masa akwai wata tsohuwa a Kongolam, sunanta Hadiyya, an ce ita kaɗai ta rage da irin. Wani direban da ke shiga Nijar ne ya taɓa kawo masa guda uku daga gidanta, bai sayar ba, gida ya kai.

Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuya, hanya ta yi kyau. Malam Sama'ila ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya nufi Kongolam. Ya wuce layin manyan motocin da ke jiran tsallaka iyaka, ya yi tambaya wurin masu fura, aka nuna masa wani gida mai dangar kara a bayan tasha. Ya yi sallama, aka ce ya shigo.

Tsohuwar tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙarama ce, baƙa, idonta ɗaya ya yi fari. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya soma gabatar da kansa da cikakken suna da muƙamin da ya bari.

"Bar shi haka nan," ta ce. "Muryar ta isa. Malamin gona ne."

Malam ya ji daɗi. Ashe har bakin iyaka ba a manta da aikinsa ba.

"Lokacin ina aure a wani ƙauye gabas da Baure," in ji Hadiyya, ba ta daina ɓara ba. "Aka ce za a yi baƙo daga Daura. Na shiga bayan ɗakina na zaɓi goma sha biyu, waɗanda suka fi kyau, na wanke, na jera a tasa, na aika wa baƙo ya kai wa iyalinsa. Sai ga baƙo ya ɗaga ɗaya sama ya sake shi a ƙasa. Ina leƙe ta danga. Maza suka yi ta dariya, har da mai gidana, Allah ya ji ƙansa." Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Tasar ma ba a dawo min da ita ba."

Malam Sama'ila ya gyara zama. Ya nemi abin faɗa, bakinsa ya ɗauko wanda ya saba da shi.

"Gwaggo, ai lokacin umarni ne daga sama."

"Allah sarki. Yau ma daga sama aka turo ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata ce. Wata biyu ke nan ba ta cin tuwo."

Hadiyya ta tsaya da ɓara. Ta tambayi shekarun tsohuwar, ta tambayi garinsu. Sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsumma baƙi ƙirin da toka. A jikinsa ƙananan 'ya'yan iri ne suka bushe suka manne. Ta sa haƙori ta yage rabi.

"Yanzu babu nunanne, sai sanyi. Shukawa za ka yi. Don ita na bayar, ba don kai ba. Ka murje shi a ƙasa mai toka da busasshen kashin awaki. Kada ka binne da zurfi. Ruwa kaɗan, da safe kawai. Ka rufe da ƙaya saboda kaji. In ya yi ganye huɗu ka dasa. Kada ka ba shi takin buhu, ba ya so."

Malam yana gyaɗa kai irin na mutumin da ake koya wa sunan ubansa. Ya karɓi tsumman da yatsa biyu, ya sa a ambulan, ya yi godiya. Yana tura babur ta ɗaga murya daga ciki.

"Malamin gona! Ka riƙe shi da kyau, kada ya faɗi!"

Da ya isa gida ya kwance igiyar shanyar Lami daga bayan ɗaki, ya sanar da ita cewa daga yau wurin ya zama filin gwaji. Ya sayo abin awo da zare da turaku. Ya sayo babban littafi ya ja masa layuka, ya rubuta kwanan wata. Ya sa aka rubuta masa allo da fenti aka kafa a bakin wurin, kodayake duk faɗinsa bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma ba mai bi ta nan sai mai zuwa banɗaki.

Abu na farko da ya yi shi ne ya kankare rabin irin ya wanke shi tas, don a ganinsa toka ƙazanta ce. Ya jera shi a layi da tazarar da littafi ya ce. Ya riƙa ba shi ruwa sau uku a rana da kofin awo, yana rubutawa. Kwana shida suka tsiro, ya kira Lami ta zo ta ga bambancin ilimi da gargajiya. Kwana goma gindinsu ya yi baƙi ya tsuke, suka kwanta gaba ɗaya kamar an yi musu tsawa.

"Ikon Allah," in ji Lami. "Malam, sujada suke yi?"

Ya rubuta a littafi cewa ƙasar wurin tana da matsala.

Karo na biyu ya rage ruwa, suka tsiro da ƙarfinsu. Ƙaya ce bai sa ba, don ta ɓata tsarin filin gwaji. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da kazar maƙwabta da 'ya'yanta tara sun gama aikin dubawa. Ba su bar ko tsinke ba, sai allon. Ya tsaya da babbar riga da dardumarsa a kafaɗa yana kallon ƙasar da aka tone. Kazar ta dube shi da ido ɗaya, ta ƙara tono sau biyu, ta ja zuri'arta suka fice ta magudanar ruwa.

Inna Maiturare ta sa an fito mata da kujera inuwar ɗaki tun ranar da aka fara aikin, tana zaune da kofin kununta. Ba ta ce komai a kan kazar ba. Ta dai tambayi Lami, da ƙarfin da zai ji, ko gwamnati na karɓar albashin da ta biya mutum in ta gano daga baya.

Ya ɗauko tsumman ya duba a rana. A bakin yagar, cikin zare, ya ƙirga 'ya'ya goma sha ɗaya. Ya yi tunanin komawa Kongolam, ya tuna farin idon nan, ya ga gara ya ƙaura daga Daura. Da gari ya waye, bayan ya dawo daga sallar asuba, ya ɗauki tsohon bokiti ya leƙa garken maƙwabcinsa mai awaki. Ya tsuguna yana tsince busasshen kashi da hannun da ya sa wa rahotanni sama da dubu hannu. Ya dawo ya kwashi toka a murhun Lami. Ya je bayan gari ya saro ƙayar magarya, ta yage masa hannun riga da bayan hannu.

Lami ta same shi tsugune yana murza tsumman a ƙasa.

"Malam, a wane shafi na littafin aka rubuta kashin akuya? In duba in ƙaru."

"Gwaji ne na kwatanci," ya ce bai ɗago ba.

"Allah ya ba da sa'a. In an gama kwatancin a wanke min bokitina."

Bakwai suka tsiro. Malam bai kira kowa ya gani ba. Da safe yakan yayyafa musu ruwa da tafin hannu, ya mayar da ƙaya, ya zauna a kan dutse yana gadi. 'Yan majalisa suka aiko a ji ko lafiya. Da suka yi ganye huɗu ya dasa su da yamma, rana ta yi sanyi, yana tallafe da kowanne da ƙasar gindinsa kamar mai ɗaukar ƙwai. Kwana biyu suka yi laushi suka langaɓe, shi ma ya kasa cin abinci, gidan ya zama da masu yajin tuwo biyu. Rana ta uku suka miƙe.

A nan ne tsohon hali ya motsa. Shekara talatin da uku yana wa'azin takin zamani, a ce wata tsohuwa mai ido ɗaya ta soke shi da magana ɗaya? Ya sayo mudu guda, ya faki idon Inna lokacin da ta shiga sallar azahar, ya barbaɗa wa guda huɗu. Uku ya bari, don a ga yadda za su sha kunya.

Huɗun nan suka yi abin kallo. Ganye kore shar, kara kamar babban yatsa, suka wuce ƙugu, suka wuce ƙirji, suka leƙa bayan katanga. Malam ya koma rubutu a littafi. Furensu kuwa yana fitowa yana kaɗewa. Ukun da aka bari ba su da wani kwarjini, ganyensu ma ya ɗan yi fari, amma kowane reshe da ƙananan 'ya'ya kore.

"Sama'ila," in ji Inna daga kujerarta, "waɗancan huɗun irinka ne. Ga riga, ga tsayi." Ta kurɓi kunu. "Kafa wa ukun can sanda ka ɗaure su, yaɗo suke yi. Ko sai an aiko maka da takarda?"

Ya samo karan dawa masu kauri ya kafa, ya yayyaga tsohon zanen Lami ya ɗaɗɗaure rassan. Yana cikin ɗaurin ya kai hannu ya share gumi, warin ganyen ya bugi hancinsa. Ya tsaya cak. Wani wari ne mai kaifi, kore, wanda bai san yana ajiye a kansa ba. Ya ga bayan ɗakinsu na Sandamu, ya ga Inna da ƙuruciyarta ta ɗaure zane a ƙirji tana zuba ruwan wanke-wanke a gindin shuka, shi kuma yana tsugune da gishiri a tafin hannu yana jiran ta tsinko masa ɗaya. Ya daɗe a tsaye da tsumma a hannu. Da ya juyo, tsohuwar tana kallon sa.

Sanyi ya shigo sosai. Inna ta kama tari, ta kwanta, kujerarta ta zauna ba kowa. Kunun ma sai an lallashe ta take shan rabin kofi. Wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. Malam yakan fito daga ɗakinta ya wuce bayan ɗaki ya duba 'ya'yan. Sun yi girma, sun kumbura tsaga-tsaga, amma kore ne fatau, ba su da niyyar sauri don wani. A aikinsa ya sha gaya wa manoma kwana nawa tumatir ke yi kafin ya nuna, da lamba, ba ko tantama. Yanzu yakan ƙirga kwanakin da yatsu ya sake ƙirgawa, lambar ba ta yi masa amfanin komai ba.

Wata safiya ya ga ɗaya ya soma ɗaukar ruwan ɗorawa. Ya shiga wurinta ya ce zai tsinko a dafa haka nan.

"Kul," ta ce, muryarta a dishe. "Kada ka tsinke shi ɗanye don kana tsoron in mutu. Na jira shekara talatin saboda kai, zan iya jiran kwana biyar saboda shi."

Ta kuwa jira. Ranar da biyar suka nuna, Malam ya tsinko su ya jera a faranti. Munana ne na gaske. Ɗaya ya karkace, ɗaya ya tsage a ka, ɗaya kamar an haɗa uku an matse. Lami ta ɗauka za ta aika injin markaɗe, Inna ta aiko daga kan gado cewa ƙarfe ba zai taɓa su ba, a dutse za a niƙa. Sai da aka tono dutsen niƙa daga ƙarƙashin tarkacen ɗakin ajiya. Lami ta durƙusa tana niƙa tana magana da dutsen.

"Wani ya kashe iri, wani ya karɓi takardar yabo, Lami ce da ciwon kafaɗa."

Amma da miyar ta soma tafasa ta bar mitar. Ƙamshin ya cika tsakar gida ya tsallaka katanga, har matar maƙwabci, mai kazar nan, ta leƙo ta tambayi abin da ake dafawa.

Aka tayar da Inna aka jingina ta da filo. Ta dangwala da yatsa ɗaya ta kai baki. Ta rufe ido. Malam yana durƙushe a bakin gado, Lami na tsaye da buta. Tsohuwar ta gutsuri tuwo ta yi loma, ta sake, ta sake. Ba wanda ya yi motsi har ta tashi da malmala ɗaya da rabi, ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannu a zuba mata ruwa.

"Inna, yaya?" in ji Malam.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ya fita da sauran miyar ya zauna a bakin filin gwajinsa ya ci. Tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, mai kauri, tana kama harshe. Ya cinye ya zauna da kwanon a hannu, ya ƙi shiga ciki sai da fuskarsa ta koma daidai.

Cikin mako biyu Inna ta koma kujerarta, bakinta ya dawo da cikakken ƙarfinsa. Ukun nan suka yi ta zuba 'ya'ya. Malam ya tuge huɗun masu riga ya ba awakin maƙwabci. Ya zaɓi manyan tumatir ya matse 'ya'yansu a tsumma ya barbaɗa toka ya shanya a inuwa, ya ce wa Lami wata hanya ce da bincike ya tabbatar.

Ya'u kuwa bai bar labarin ya kwana a rumfarsa ba. Ran nan da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata matashiya ta fito da jaka da babbar waya, ta ce sunanta Yasmin, daga wata ƙungiya take mai aikin ceto irin shuka na gargajiya kafin ya ƙare. Aka shigo da ita. Da ta ga tumatirin sai ta dafe ƙirji.

"Kai, Baba! Ka san abin da kake da shi kuwa? A manyan otal na Abuja irin wannan ake nema, mai tsagar nan. Wata uku muna yawo ba mu samu ba. Wai wasu jami'ai ne a da suka bi ƙauyuka suka sa mutane suka zubar da shi. Ka ji ɓarna don Allah."

"Ɓarna babba," in ji Malam Sama'ila.

Lami ta shiga kicin da sauri, aka ji murfin tukunya ya faɗi.

Yasmin ta ɗauki hotonsa a tsaye, ta ɗauka a tsugune, ta sa ya riƙe wanda ya fi muni kusa da fuskarsa ya yi murmushi. Sannan ta buɗe takarda.

"Baba, shekara nawa ka yi kana adana wannan iri?"

Malam ya gyara hula. "To, a gaskiya, tun ina aiki nake da alaƙa ta kusa da shi."

"'Yar nan," in ji Inna daga inuwa, "zo nan ki tambaye ni. Ni na haife shi."

Bai bari ta je ba. Ya faɗa da bakinsa, yana kallon ƙasa, a gajarce kamar mai karanta rahoton da ba ya so. Ya ce shi ne jami'in. Ya ce irin na wata tsohuwa ne a Kongolam mai suna Hadiyya, ita ta riƙe shi shekara da shekaru a tsumma, sunanta ya kamata a rubuta.

Yasmin ta juya biro. Ta tambaya ko tsohuwar tana da waya. Ya ce bai gani ba. Tana karatu? Bai zata ba. Za ta iya tsayawa gaban baƙi a Katsina ta yi bayani da allon hoto na minti goma sha biyar?

"Ka ga matsalar, Baba," ta ce da tausayi. "Takardar tana son lambar waya da matakin ilimi. Kai kuma ga ƙwarewa ta shekara talatin da uku. Za mu sa sunanka a matsayin gwarzon adana iri, ita kuma mu sa ta cikin waɗanda za su amfana. Za ma mu shirya musu bita a koya musu yadda ake ajiye iri."

Malam ya dubi takardar. Ya san takardar nan, ya san irin hannun da ya tsara ta. Ya ce zai yi shawara. Ta ce ba komai, ta riga ta cike. Ta roƙi samfuri, ta zaɓi takwas mafiya nuna ta jera a kwali, ta yi godiya har ƙasa, farar mota ta tafi da miyar ranar.

Lami ta fito ta duba rassan, ta ce sauran sai jibi, yau kuka za a kaɗa. Malam ya zauna a kan dutsensa yana kallon tafin hannunsa da ya yi kanta.

"Gwarzo," in ji Inna.

"Na'am, Inna."

"Akwai wata kuɓewa da muke yi a Sandamu, gajeruwa, mai gashi a jiki. Guda uku ta isa tukunya, yauƙinta har gwiwar hannu. Na kwana biyu ban gan ta ba." Ta karkato kai ta dube shi. "Ko ita ma ta gamu da kai?"

Malam Sama'ila ya kawar da kai. Ya tuna ta sarai. Ya tuna har shekarar, da sunan shirin, da ƙauyen da ya fara.

Lami ta shiga ɗaki ta fito, ta ajiye masa makullin babur a gwiwa.